Bangon Aboabo

Ni ne Salifu mai fenti, ɗan layin Alabar.
Shekara ashirin da shida ina rubuta sunayen mutane
a goshin shagunansu.
Na rubuta "Haƙuri Maganin Duniya" a bayan turotoro ya fi ɗari,
na zana kai goma sha biyu a ƙofar mai aski guda,
amma ban taɓa zana gari ba sai bana.

Mista Amankwa ya zo da takarda mai sheƙi.
Ya ce an yi taro a otal, kwana uku, da shayi da kaji,
an ɗauko gwani tun daga Ankara,
an raɗa wa Kumasi sabon kirari:
Zo Ka Sha Iska.
Ya ce in sa kore, kore shar, in sa tsuntsu,
in sa wata mace tana dariya ba dalili.

Na ce, a wane bango?
Ya nuna dogon nan da ya tsare rafi,
inda leda ke iyo kamar agwagi,
inda hanci ke riga ido gaisawa da unguwa.

Kwana tara muna kai.
Fuseni na riƙe da tsani, tsumma ɗaure a hancinsa,
ni ina sama ina shuka itatuwa da buroshi,
itatuwan da ba sa neman ruwa,
ba sa ba kowa inuwa.

Ranar buɗewa an kawo makaɗa,
an raba riguna, an yanke kirtani.
Masu kyamara sun durƙusa suna neman kusurwar
da kwata ba za ta leƙo ba.
Baƙi sun zo, gaskiya sun zo,
mota biyu, da hulunan rana.
Sun karanta, sun ja numfashi yadda bango ya umarta,
sannan suka koma mota ba sallama.

Sai ruwan Yuni ya sauka.
Rafi ya taso ya duba aikina,
ya hau har haƙoran matar nan mai dariya,
ya bar mata gemun laka.
Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba,
ko kumfa ba mu gani ba.

Can gaba, bayan gada, akwai Mma Zuweira.
Tebur, tukunya, ganye, cokali mai lanƙwasasshen wuya.
Ba ta da allo. Na sha roƙonta in yi mata kyauta,
ta ce, wa zai karanta, bakinsa cike?
Tun asuba layi ke miƙewa a kan wake da shinkafarta:
direbobin Tamale, 'yan ɗinki, nas mai tashi daga aikin dare,
da wani lauya da ke aiko yaro da kula biyu.
Ba ta taɓa cewa zo ba.
Wanda ya ci jiya shi ke faɗa.

Kakana da ƙafa ya zo garin nan daga Kano,
wata uku yana bin sawun jakuna.
Wa ya kafa masa allo a hanya?
Goro ɗaya aka fasa a wani suna,
ya tauna, ya tambayi inda uwarsa take.

Jiya Mista Amankwa ya dawo da wata takarda.
Kirarin bana shuɗi yake so.
Na ce, ranka ya daɗe, a raba kuɗin fentin biyu,
rabi a kwashe rafin.
Ya yi dariya irin ta matar bango,
ya ce wannan aikin wani ofis ne.

Na karɓi kafin alƙalami, ina da 'yan makaranta uku.
Fuseni na dama shuɗi, yana tambayata
fenti hawa nawa bango ke ɗauka kafin ya fara ɓarewa.
Ban ba shi amsa ba.
Ina kallon bayan gada,
inda Mista Amankwa ya soke takardarsa a hammata,
ya shiga layi, na goma sha ɗaya.